Sunkuyar Da Kai Ladabi Ne A Gida, Me Ya Sa Ya Zama Abin Zargi A Ofis?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan Katsina, ina zaune a Agege, kuma wata bakwai ke nan da na samu aiki a sashen ajiyar kaya na wani kamfani a Ikeja. Shugabar sashenmu mace ce, ba Bahaushiya ba. Kwanan baya ta kira ni ta ce aikina yana kyau, amma ta kasa sakin jiki da ni, domin idan tana magana ba na kallonta, ba na fara'a, kuma ranar da na fara aiki ta miƙo mini hannu na ƙi karɓa. Ni kuwa Allah Ya sani girmamawa nake yi, haka aka tarbiyyantar da ni. Wani abokina ya ce ya karanta a intanet cewa kashi 93 cikin ɗari na sadarwa da jiki ake yin ta, ba da baki ba. Shin gaskiya ne? Mene ne ire-iren wannan magana ta jiki, wane aiki suke yi, kuma yaya zan gyara ba tare da na zubar da tarbiyyata da addinina ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku kake son sani: gaskiyar lissafin da abokinka ya karanto, da ire-iren hanyoyin da mutum ke isar da saƙo ba tare da ya furta kalma ba tare da amfanin kowanne, sai na ukun wanda shi ne ya hana ka sukuni, wato yadda za ka yi shugabarka ta daina ɗari-ɗari da kai alhali kana riƙe da abin da iyayenka da malamanka suka ɗora ka a kai. Na daɗe ina koyar da darasin sadarwa, kuma wani ɓangare na aikina a nan Legas shi ne horar da ma'aikata, tun daga masu gadi da direbobi har masu karɓar baƙi a ofisoshi, don haka kokenka ba baƙo ba ne a kunnena. Abin da ya faru tsakaninku shi ne kai ka aika saƙon girmamawa, ita kuma ta karɓe shi a matsayin ƙyama ko ɓoye wani abu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinku. Kowa ya karanta alamar ne da ƙa'idar da ya saba da ita.

Batun kashi 93

Wannan lissafi yana da asali, amma an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ya fito ne daga wasu gwaje-gwaje biyu da Albert Mehrabian, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 1967. An riƙa furta kalma guda ɗaya tak da muryoyi daban-daban, a wani gwajin kuma aka haɗa da hotunan fuskoki, sannan aka tambayi masu sauraro ko mai maganar yana nuna so ne, ko ƙi, ko kuwa ko-oho. Daga nan aka fitar da cewa kalma tana da kashi 7, murya kashi 38, fuska kashi 55, waɗanda biyun ƙarshe suka haɗu suka ba da 93. Shi kansa Mehrabian ya yi gargaɗin cewa lissafin ya taƙaita ne ga lokacin da mutum yake bayyana so ko ƙi, kuma kalmarsa ta saɓa wa muryarsa ko fuskarsa. Da a ce ya shafi kowace irin magana, da Bahaushen da ya sauka daga motar Kano jiya zai fahimci kusan duk abin da Bayarabe ke faɗa masa ta hanyar kallon fuskarsa kawai, ka kuwa san ba haka abin yake ba. Lambar kaya, da yawan katan ɗin da suka shigo, da ranar da za a fitar da su, duk sai da kalma da rubutu.

Duk da haka akwai gaskiya a cikinsa wadda ta shafe ka kai tsaye. Idan baki ya faɗi abu jiki kuma ya nuna akasinsa, mutane sun fi gaskata jiki, domin suna ganin ya fi wuyar sarrafawa. Magabatanmu sun riga sun faɗa cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ka ce mata "na gode" da bakinka, amma ita abin da ta gani shi ne hannunta da ya tsaya a sama a gaban mutane, da fuskar da ta kau gefe.

Fuska da ido

Fuska ce masana suka fi daɗewa suna nazari. Charles Darwin ya rubuta littafi guda a kanta a 1872, sannan a ƙarshen shekarun 1960 Paul Ekman ya je wurin al'ummar Fore a Fafuwa Niyu Gini, mutanen da a lokacin ba su cuɗanya sosai da Turawa ba, ya nuna musu hotuna. Shi da abokin aikinsa Wallace Friesen suka kafa ra'ayin cewa akwai yanayi shida da ake gane su a fuska a ko'ina: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. Wasu masana na baya sun ƙalubalanci ƙarfin wannan da'awa, kuma har yanzu ana muhawara a kai. Abin da ba a jayayya a kansa, kuma shi ya fi mana amfani, shi ne kowace al'umma tana koya wa 'ya'yanta lokacin da za su saki fuska da lokacin da za su danne abin da ke ransu. A wurinmu uwa takan ɓoye murnarta da ɗan fari saboda kunya, amarya takan yi kuka ranar da za a kai ta ɗakinta, namiji kuma ana son ya daure ko da ciwo na cinsa, ana kuma ganin yawan dariya a gaban manya a matsayin rashin kamun kai. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida zai shiga ofis da fuskar da a wurinsa natsuwa ce, a wurin wanda bai san shi ba kuwa ɗaure fuska ce.

Ido ya fi fuska kaifi. Uwa takan tashi yaronta daga gaban baƙi da harara guda, ƙifta ido yana ƙulla shiri tsakanin mutum biyu a tsakiyar taro, kallon sama da ƙasa kuma ya isa ya tayar da husuma ba tare da an ce uffan ba. A tarbiyyarmu yaron da ya ƙura wa babba ido yana yi masa faɗa mai tsaurin ido ne, ga kuma umarnin runtse ido tsakanin maza da mata a aya ta 30 da ta 31 ta Suratun Nur. Kai abubuwa biyu suka haɗu maka a mutum ɗaya: shugaba ce, kuma mace ce.

A nan ina so ka lura da wani abu da yawancin 'yan'uwanmu suke kuskurewa. Sukan ɗauka cewa saɓanin tsakanin Hausawa ne da mutanen Kudu. A iya zaman da na yi da su, a gidajen Yarbawa da na Ibo ma ana hana yaro tsare babba da ido, kuma saurayin Bayarabe da ya kwanta rub da ciki ya gaida mahaifinsa, ko budurwar da ta durƙusa a kan gwiwoyinta, ba su bar mu a baya ba wajen ƙasƙantar da kai ga manya. Ƙa'idar da ke cewa mai gaskiya shi ne mai kallon ido ta shigo ne ta hanyar makarantun boko da littattafan horar da ma'aikata waɗanda tushensu Turai da Amurka ne. Mai yiwuwa shugabarka ita ma takan durƙusa wa surukarta a gida, amma idan ta zauna a kujerar ofis da wata ƙa'idar take auna mutane.

Hannu, murya da shiru

Ekman da Friesen sun kasa motsin jiki gida biyar a 1969, kuma rabon nasu yana da amfani har yau. Akwai alamomin da ke tsayawa a madadin kalma gaba ɗaya, kamar jinjina ga basarake, da yafito mutum da hannu, da yaro ya maƙe kafaɗa don ya ce ya ƙi, da daƙuwa wadda babu mai buƙatar a fassara masa ita daga Sakkwato har Legas. Waɗannan su ne suka fi haɗari idan an tsallaka daga wata al'umma zuwa wata, domin koyon su ake yi kamar yadda ake koyon kalmomi, shi ya sa baƙon da ya ware yatsu biyar ya nufi fuskar mutum yana nufin "biyar" zai iya jawo wa kansa abin da bai zata ba. Akwai motsin da ke raka magana, kamar mai ba da labari ya buɗe hannuwa don ya nuna girman abu. Akwai masu fallasa abin da ke zuciya, irin su tagumi da cizon yatsa da riƙe haɓa don mamaki. Akwai masu tsara zance, wato gyaɗa kai da ke ce wa mai magana ya ci gaba, da gyaran murya da ke nuna wani yana son a ba shi dama. Na ƙarshe su ne motsin da mutum ke yi ba da niyyar isar da komai ba, kamar sosa ƙeya, da kaɗa ƙafa, da gyara hular da ba ta karkace ba, waɗanda sau da yawa jiki ne ke neman sauƙi daga wata damuwa.

Murya ma tana ɗauke da saƙo dabam da kalmomin da ke cikinta: ƙarfinta, da saurinta, da inda aka ja da inda aka datse. "To" ɗin da aka faɗa da sakin rai da wanda aka ja shi a hankali ana kallon ƙasa ba amsa ɗaya ba ce, ko yaro ya san haka. Legas gari ne na ɗaga murya. Sabon zuwa da ya ji yaron mota yana kiran fasinja a Oshodi, ko ya ji mata biyu suna ciniki, yakan ɗauka faɗa ake yi, alhali su kuwa ba abin da ya yi zafi. Haka su ma idan suka ji mutuminmu yana magana ƙasa-ƙasa sukan ɗauka bai tabbata da abin da yake faɗi ba.

Shiru shi ne ya fi wahalar karantawa, kuma ina ganin yana da hannu a matsalarka ko da ba ka ambace shi ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito an ɗauki shirun budurwa a matsayin izininta idan an nemi yardarta kan aure, saboda kunya. A zaman makoki wanda ya zauna kusa da kai ya yi shiru ya ba ka haƙuri fiye da mai dogon bayani. A gaban mahaifi kuma shiru biyayya ce. Amma shirun nan dai shi ne makamin mai fushi da mai gaba. Idan shugaba ta ba ka umarni ka yi shiru kanka a ƙasa, ba ta da hanyar sanin wanne ne daga ciki, ba ta ma san ko ka fahimta ba.

Tazara, taɓawa da sauransu

Edward Hall, wani masanin al'adu Ba'amurke, shi ne ya shahara da nazarin tazarar da mutane ke bari a tsakaninsu. A littafinsa na 1966 ya ce ƙasa da santimita 45 ta makusanta ce, daga nan zuwa mita 1.2 ta abokai, zuwa mita 3.6 ta hulɗar aiki da baƙi, abin da ya wuce haka kuma ta mai jawabi ga jama'a. A kan Amurkawa ya yi awonsa, kuma shi da kansa ya nuna cewa al'ummomi sun bambanta. A cikin danfo, wato motar haya ta Legas, mutum huɗu ko biyar ke matsuwa a benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, sai kowa ya kau da ido ya kalli taga ko wayarsa, wannan kau da idon shi ne ke mayar da tazarar da cunkoso ya cinye. A sahun salla kuwa wanda ya bar giɓi shi za a jawo. Abokai maza biyu a wurinmu sukan yi tafiya riƙe da hannun juna, musafaha takan daɗe ana ta jera gaisuwa sannan a kai hannu ƙirji, amma tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba tazara ce alamar mutunci. Miƙa abu ko karɓa da hannun hagu kuwa abin ƙi ne a wurinmu da wurin Yarbawa baki ɗaya.

Lokaci ma yana magana: wanda aka bari yana jira awa biyu a bakin ofis an gaya masa matsayinsa, wanda ya iso a makare kullum yana fakewa da cunkoson hanya shi ma ya faɗi wani abu game da kansa. Haka sutura, daga rawani da babbar riga zuwa hijabi da anko, da turare, da ruwan da ake fara kawo wa baƙo, da goron da ake rabawa. Abin da ban sa a wannan lissafi ba shi ne maganar hannu ta kurame, domin ita cikakken harshe ce mai kalmominta da nahawunta.

Aikin da suke yi

Ka je kasuwar Mile 12 da sassafe ka tsaya kusa da masu tumatir, za ka ga kusan duk aikin da waɗannan alamomi ke yi a cikin minti biyar. Mai saye ta zo, ba ta jin Hausa, mai kaya kuma Yarbancinsa bai wuce na lissafi ba. Ta nuna kwando da leɓe, ya ɗaga yatsu ya faɗi kuɗi, a nan yatsun sun maimaita abin da baki ya faɗa don kada hayaniya ta cinye shi. Ta tura hannu can ƙasan kwandon ta zaro guda ɗaya da ya fara laushi, ta ɗaga masa shi a gaban ido ta taɓe baki, ba ta ce komai ba, wannan ya tsaya a madadin jimla guda. Ta taya, ya ce albarka yana bugun gefen kwandon da tafin hannu, bugun ya ƙara wa kalmar nauyi. Sai ta gyara ɗaurin zaninta ta ce ta tafi, amma takunta a hankali, kanta a ɗan karkace, kunnenta na baya. Bakinta ya ce ta fasa, ƙafarta ta ce a kira ta, shi kuma ƙafar ya saurara, ya bari sai da ta yi taku huɗu sannan ya kira. Duk tsawon cinikin ido da ɗaga gira ne ke nuna wa kowa lokacin da zai yi magana da lokacin da zai saurara.

Masana sukan lissafa waɗannan a matsayin maimaitawa, da maye gurbi, da ƙarfafawa, da saɓawa, da tsara zance. Amma aikin da ya fi su girma, a ganina, shi ne bayyana matsayin da mutum ya ba ɗan'uwansa: wa ke sama, wa ke ƙasa, wa aka yarda da shi, wa ake gudu. Wannan ba a cika faɗarsa da baki ba, jiki ake bar wa. Alƙur'ani mai girma bai ɗauki wannan da wasa ba. Luƙmanu ya gargaɗi ɗansa, a aya ta 18 da ta 19 ta surar da ke ɗauke da sunansa, kada ya karkatar da fuskarsa ga mutane don girman kai, kada ya yi tafiyar taƙama, ya daidaita tafiyarsa, ya sassauta muryarsa. Suratu Abasa da ɗaure fuska da juya baya ta buɗe. Nana Maryam kuma nuni ta yi zuwa ga jaririnta lokacin da mutanenta suka tuhume ta. Shugabarka ba ta tuhumi ƙwarewarka ba, ta ma yaba aikinka. Abin da take tambaya a ranta shi ne wane matsayi ka ba ta.

Haɗarin karanta zuciya

Akwai wani lamari da aka taɓa kira na a kansa wanda ba na mantawa. Wani mai gadi ɗan Arewa, dattijo, yana aiki a wani gida a nan Legas, sai wani abu mai daraja ya ɓace. Maigidan ya kira shi yana tambayarsa da ɗaga murya, shi kuma ya cire takalmi, ya tsuguna, ya sa ido a ƙasa, yana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya yana murza yatsunsa. Maigidan ya ce mini shi ba ya buƙatar wata shaida, ai mutumin ko kallonsa ya kasa yi. Na roƙe shi ya tuna yadda dattijon yake gaishe shi kowace safiya tun kafin abin ya faru. Ya yi shiru, sannan ya amsa cewa haka yake yi kullum, a tsugune, kai a ƙasa. Ke nan alamar da ya kafa hujja da ita ba ta sauya ba ko kaɗan, zarginsa ne ya sauya mata ma'ana.

Binciken masana yana goyon bayan dattijon. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara sakamakon gwaje-gwaje sama da 200 kan iya gane maƙaryaci, suka samu cewa mutane suna dacewa ne kusan kashi 54 cikin ɗari, alhali mai canki-canka ma zai samu 50. Kau da ido, wanda kusan duk duniya ake ɗauka alamar ƙarya ce, bai tabbata a matsayin abin dogaro ba. Mai gaskiyar da aka tsorata yakan yi rawar murya, ƙwararren maƙaryaci kuwa yakan tsare ka da ido. Saboda haka abin da nake koya wa shugabanni da ma'aikata shi ne kada a yanke hukunci da alama guda, a fara sanin yadda mutum yake a ranar da babu komai, a duba halin da ake ciki, idan abu ya shige duhu kuma a buɗe baki a tambaya. Kai ma wannan ya hau kanka game da ita: kallon da take yi maka kai tsaye da muryarta mai ƙarfi ba lallai ne su zama raini ba.

Abin da nake ba ka shawara

Za ka iya ci gaba yadda kake ka ce wanda ya fahimta ya fahimta, amma ranar da za a zaɓi wanda za a damƙa wa makullin sito ko a ƙara masa girma, wanda aka saki jiki da shi za a tuna. Za ka iya kuma watsar da komai ka kwaikwayi abokan aikinka, sai dai wannan ba zai zaunar maka da zuciya ba, kuma fara'ar dole tana bayyana. Abin da na ga yana aiki shi ne mutum ya zauna ya rarrabe abin da addini ya ɗora masa da abin da sabo ne kawai, ya riƙe na farko, ya sassauta na biyu, sannan duk inda jikinsa ba zai iya isar da girmamawa ta hanyar da aka saba ba ya sa bakinsa ya cike gurbin.

Musafaha da mace hukunci ne na shari'a, malaminka za ka tambaya, ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da ke fagena shi ne yadda za a ƙi ba tare da an kunyata mutum ba. Zafin abin yana cikin hannun da aka bari a sama, don haka ka riga ta: tun kana matsowa ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka ɗan rusuna, ka saki fuska, ka yi gaisuwa da murya mai fita. Yawancin mutanen Legas sun san wannan alama, sun zauna da Musulmi. Kuma ka yi haka ga kowace mace ba tare da zaɓe ba, domin idan ta ga ka gaisa da wata da hannu bayaninka ya rushe.

Game da ido, akwai fili mai faɗi tsakanin ƙura ido da juya fuska. Ka fuskance ta da jikinka gaba ɗaya, ka ɗaga kai a farkon magana, da lokacin da ta faɗi abu mai muhimmanci, da lokacin da za ka amsa, sauran lokacin idonka yana kan takarda ko kayan da ake magana a kai. Ka riƙa shiga da ɗan littafi da biro, domin mai rubutu yana da dalilin kallon ƙasa da kowa ya yarda da shi, kuma yana nuna ka ɗauki maganar da muhimmanci. Idan ta gama, kada ka tsaya ga gyaɗa kai, ka maimaita umarnin a taƙaice: katan nawa, zuwa ina, yaushe. Fara'a kuwa ba ta saɓa wa komai a tarbiyyarka ba, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne, mu kuma muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mafi muhimmanci, ka nemi minti biyar a wurinta a lokacin da ba ta cikin hidima, ƙofa a buɗe, ka gode mata da ta faɗa maka a fuskarka maimakon ta riƙe a ciki, domin ba kowane shugaba ke yin haka ba. Ka gaya mata cewa a inda ka tashi sunkuyar da kai shi ne mafi girman ladabin da ake yi wa babba, cewa rashin karɓar hannu ƙa'idar addininka ce ga duk mata har da matan 'yan'uwanka, cewa ka yi baƙin cikin kunyar da ta ji a ranar, kuma kana ƙoƙarin gyara abin da za a iya gyarawa. Na sha ganin irin wannan 'yar gajeriyar magana ta warware abin da aka yi watanni ana ƙullawa.

Sai dai ɓangarenka kaɗai na ji, ban ga fuskarka ba, ban ga tata ba, kuma wannan ilimi ba ya ba kowa ikon sanin abin da ke zuciyar wani. Zai yiwu abin da ta faɗa shi ne duk abin da ke akwai. Zai kuma yiwu akwai wani tunani da ta riga ta ɗauka game da 'yan Arewa wanda babu murmushin da zai kankare shi, kuma wannan ba laifinka ba ne, ba kuma nauyinka ba ne kai kaɗai. Ka gwada abin da na faɗa, ka fara da abokinka a gida har ɗaga kan ya daina yi maka nauyi, ka ba abin wata ɗaya ko biyu. Idan ka ga tana ƙara ba ka aikin da ake ba wanda aka amince da shi, to an dace. Idan kuwa ka ga ana hana ka haƙƙinka saboda addininka ko inda ka fito, ka rubuta abin da ya faru da ranakunsa, ka kai sashen kula da ma'aikata na kamfanin a rubuce, ka ajiye kwafi a wurinka. Allah Ya sa albarka a aikin naka.